Shikago: doka ta tsaya a iyaka, bindiga ta wuce

Abin da ya fara ɗaukar hankalina a Shikago ta Amurka wata 'yar takarda ce da ake mannawa a jikin ƙofofi. Fara ce, ba ta fi tafin hannu girma sosai ba, an zana baƙar ƙaramar bindiga a tsakiyarta, an zagaye ta da jan layi, an kuma datse ta da wani. Tana ƙofar asibiti, tana ƙofar makaranta da ɗakin karatu, tana ƙofar gidajen abinci da dama. Saƙonta shi ne kada a shigo nan da bindiga, ko da mutum yana da lasisi. Ba a kafa irin wannan alama sai a garin da aka san jama'a na yawo da abin a ƙugu. Ta bazu ne bayan 2013, shekarar da jihar Ilinoi ta halatta wa mai lasisi ya ɓoye bindiga a jikinsa ya fita da ita. Ita ce ta ƙarshe cikin jihohi 50 da ta yarda da haka, kuma ba da son ranta ba, kotun tarayya ce ta tilasta mata.

Birnin kansa yana da kyau, dole a faɗa. Yana kwance a gaɓar tafkin Mishigan, ruwan da ido ba ya ganin ƙarshensa, ga dogayen benaye, ga mutum wajen miliyan 2.7. Baƙon da ya sauka a tsakiyar gari ya yi yawonsa ya koma gida zai iya rantsewa sharri ake yi wa Shikago. Sai fa in ya hau jirgin ƙasa ya nufi kudu. Tasha bayan tasha Turawa na sauka, har taragon ya zama kusan na baƙar fata zalla. Da na sauka a Englewood, abin da na tarar filaye ne da ciyawa ta cinye inda gidaje suke a da, da gidajen da aka toshe tagoginsu da katako. Na shiga wani kanti zan sayi ruwa, na iske gilashi mai kauri tun daga kan tebur har rufi tsakanina da mai kantin. Ka sa kuɗinka a wani akwati mai juyawa, ya juya shi ya ɗauka, ya sa maka kayanka ya juyo. Hannunku ba ya haɗuwa. Wani bincike na Jami'ar Niyok a 2019 ya nuna cewa wanda ke zaune a Streeterville, unguwar masu hali ta bakin tafki, ana sa ran ya kai shekara 90 a duniya, na Englewood kuwa 60. Tsakaninsu bai wuce kilomita 15 ba.

A 2016 an kashe mutum sama da 750 a birnin. A 2021 adadin ya kusa 800. A 2024 ya sauko zuwa 573. Mafi yawansu da bindiga aka kashe su, mafi yawansu samari ne baƙar fata, kuma mafi yawan jinin a wasu 'yan unguwanni na kudu da yammacin gari ya zuba: Englewood, West Garfield Park, North Lawndale, Austin. Tsofaffin garin za su tuna maka cewa an ga abin da ya fi haka, domin a 1974 mutum 970 aka kashe. Wannan ba ya sanyaya zuciyar uwar da aka binne ɗanta makon jiya.

Duk ɗan siyasar Amurka da ke son ya ce dokar taƙaita bindiga aikin banza ce, sunan Shikago ne ke fara zuwa bakinsa. Donald Trump ya sha yin haka. Hujjar a taƙaice take: ga birnin da ya fi kowa tsaurara doka, ga gawawwaki. A saman baki kamar babu amsa. Amma dokar da ake nufi ta daɗe da mutuwa. A 1982 ne majalisar birnin ta hana mallakar ƙaramar bindiga, dokar ta yi shekara 28, sannan Kotun Ƙoli ta soke ta a 2010.

Wanda ya kai ƙarar ya kamata a san shi, don shi ne ya hana ni ɗaukar wannan muhawara da sauƙi. Sunansa Otis McDonald, dattijo baƙar fata mai shekara 76 a lokacin, haifaffen Luwiziyana, tsohon soja, wanda ya yi ritaya daga aikin kula da injina a Jami'ar Shikago. Tun farkon shekarun 1970 yake zaune a unguwar Morgan Park, yana kallo 'yan daba da masu sayar da ƙwaya suka mamaye ta, an fasa gidansa ba sau ɗaya ba. Abin da ya nema shi ne a bar shi ya ajiye ƙaramar bindiga a ɗakinsa. Alƙalai biyar cikin tara suka ba shi gaskiya, suka ce gyara na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulki a 1791, wanda ya ba jama'a 'yancin riƙe makami, ya hau kan jihohi da birane kamar yadda ya hau kan gwamnatin tarayya. Shekara biyu kafin nan, a shari'ar Heller, kotun ta riga ta ce 'yancin na kowane mutum ne shi kaɗai, ko ba ya cikin wata runduna. Masu kamfanonin bindiga da ƙungiyar NRA mai fafutukar 'yancin riƙe bindiga sun ci moriyar hukuncin, babu shakka. Amma ban ga yadda zan kalli dattijon da ɓarayi suka hana barci in ce masa ya yi haƙuri ya jira 'yan sandan da ba sa zuwa ba.

Duk da haka Ilinoi tana da dokoki masu nauyi. Tun 1968 ba ka mallakar bindiga ko harsashi sai da katin shaida daga 'yan sandan jiha. In ka biya kuɗin bindiga sai ka jira awa 72 kafin a miƙa maka. A cikin birnin da wuya ka ga shagon da ake sayar da ita. To daga ina take fitowa?

Mai masaukina ne ya kai ni inda amsar take. Bahaushe ne ɗan Zangon Kumasi, ya daɗe yana tuƙin tasi a garin. Muka bi babbar hanya muka yi kudu maso gabas, ba mu yi wata tafiyar kirki ba sai ya nuna wani allo a gefen titi ya ce, "Malam, ka ga nan? Mun bar Ilinoi ke nan." Babu shinge, babu jami'i, babu wanda ya ce mu buɗe but. Garin Hammond na jihar Indiyana manne yake da Shikago, Gary kuma na gaba kaɗan. A Indiyana babu katin shaida, babu jiran awa 72, kuma tun Yulin 2022 baligin da doka ba ta haramta wa ba yana iya ɗaukar ƙaramar bindiga ya fita ba tare da lasisi ba. Mai shago mai rajista dole ya binciki tarihin mai saye ta kwamfutar hukumar FBI, wannan dokar tarayya ce. Amma mutumin da ke sayar da bindigarsa ta kansa ga wani, a gida ko a kasuwar baje kolin bindigogi da ake ci a ƙarshen mako, dokar jihar ba ta ce ya binciki kowa ba.

Rahoton da hukumar birnin ta fitar a 2017 ya bi sawun bindigogin da 'yan sanda suka ƙwace a wuraren laifi. Kimanin kashi 60 cikin ɗari daga wasu jihohi aka fara sayensu, kashi 21 daga Indiyana kaɗai. Har daga Misisipi mai nisa suna zuwa, ta hanyar da kakannin waɗannan yara suka biyo lokacin da baƙar fata suka yi ƙaura daga kudu zuwa arewa, domin zumuncin bai yanke ba. Ragowar kashi 40 kuwa daga cikin Ilinoi suke, da yawa daga wasu 'yan shaguna da ke bayan gari kaɗan, inda dokar birni ba ta kai.

Hanyar da aka fi bi ita ce sayen aro. Wanda ke da tabon laifi ba zai iya saye ba, sai ya nemo mai tsabtataccen suna, budurwa ko ɗan'uwa ko wani mai neman na cefane, ya ba shi kuɗi. Wannan ya shiga shago, ya cike takarda ya sa hannu cewa kansa yake saya wa, ya fito ya miƙa a cikin mota. Bindigar da aka kashe 'yar sanda Ella French da ita a watan Agustan 2021 haka aka saye ta a Hammond. Wanda ya sayo ta ɗaurin wata 30 aka yi masa. Sai a 2022, bayan kisan 'yan makaranta a Uvalde ta jihar Tekzas, majalisar dokokin tarayya ta mai da irin wannan saye laifi mai zaman kansa da hukunci mai tsanani. Bin sawun ma wahala ne. Wata dokar 1986 ta hana gwamnatin tarayya ajiye rajistar masu bindiga, saboda haka ma'aikatan cibiyar bincike ta hukumar kula da bindigogi ta ATF da ke Martinsburg sai su kira kamfanin da ya ƙera, su kira dillali, su kira shago, wani lokaci su tona akwatunan tsofaffin takardu, a ƙasar da aka ƙiyasta bindigogin da ke hannun farar hula sun kai miliyan 393, wato sun fi mutanenta yawa.

A nan ra'ayina ya tsaya, kuma ba zan ɓoye shi ba. Wanda ya daɓe rumbunsa ya bar ƙofa a buɗe bai isa ya ce daɓen ne ba ya hana ɓera ba. Dokar birni ɗaya, a ƙasar da mota ke tsallaka iyakar jiha ba tare da taka birki ba, ba a gwada ta ba balle a ce ta faɗi. Niyok tana da mutum sama da miliyan 8 da dokoki masu tsauri, jihohin da ke kewaye da ita galibi su ma haka, kuma kisan kai a can bai kai 400 ba a 2024. St. Louis ta jihar Mizuri, inda doka ke da sassauci, ta ninka Shikago in aka auna da yawan jama'a. Mizurin nan ta soke sharaɗin neman izini kafin sayen ƙaramar bindiga a 2007, masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins suka gano kisa da bindiga ya ƙaru da wajen kashi ɗaya cikin huɗu bayan nan. Masu adawa za su jefo maka Baltimore, mai tsauraran dokoki da yawan kisa, kuma suna da gaskiya cewa doka kaɗai ba ta bayyana komai. Bindigar da ta shigo daga Indiyana ai ta ratsa unguwanni da yawa kafin ta isa Englewood, me ya sa a can take tashi?

Na je Roseland, can ƙarshen kudu, don in ga wani wuri da aka ba ni labari. Wata mata ce mai suna Diane Latiker, wadda tun 2003 ta buɗe falonta ga yaran unguwa don ta raba su da titi. A 2007 aka harbe Blair Holt, ɗan shekara 16, a cikin motar bas yana dawowa daga makaranta, ya kare wata yarinya da jikinsa. Mahaifinsa ɗan sanda ne, mahaifiyarsa ma'aikaciyar kashe gobara. Sai matar nan ta sayo duwatsun daɓe ta fara rubuta sunayen yaran da aka kashe, ta jera a wani fili da ke kallon gidanta. Yau ɗaruruwa ne, a kan kantoci hawa-hawa, kowane dutse da suna da shekaru. Na bi layi ɗaya ina karantawa: 17, 15, 19, 16, 14. Ban iya ƙarasa layi na biyu ba. Motoci na wucewa, wasu yara na wasan ƙwallon kwando a kusa, kuma an ce mini sunayen da ke jiran a samo musu dutse suna da yawa.

Ƙasar ta san sunan Hadiya Pendleton, 'yar shekara 15 da aka harbe a wani wurin shaƙatawa a Janairun 2013, kwana kaɗan bayan ta dawo daga bikin rantsar da Barack Obama, kuma nisan mil guda daga gidansa na Shikago. Ƙawayenta suka fara sa tufafi ruwan lemo, launin da maharba ke sawa a daji don kada a harbe su bisa kuskure, abin ya zama alamar masu neman gyaran doka a duk ƙasar. Amma dokar da ta fi girma a 'yan shekarun nan ba daga kudancin birni ta taso ba. Ranar 4 ga Yulin 2022 wani saurayi ya hau rufin bene a Highland Park, garin masu kuɗi a arewacin Shikago, ya buɗe wuta kan masu faretin ranar 'yancin kai da doguwar bindiga irin ta yaƙi, ya kashe mutum bakwai. Cikin wata shida Gwamna Pritzker na Ilinoi ya sa hannu a dokar hana sayar da irin waɗannan bindigogi. Ina goyon bayan dokar. Sai dai mutanen da na zanta da su a kudu sun lura da saurin, kuma sun san abin da alƙaluman FBI ke nunawa kowace shekara: doguwar bindiga kaso kaɗan take ɗauka a kisan kai, ƙaramar ta aljihu ce ke cinye 'ya'yansu. Yanzu ma har wani ɗan ƙarfe ake maƙala wa bayan bindigar Glock, bai fi kan yatsa ba, ya mai da ita mai aman harsashi da matsa kunama sau ɗaya. A 2024 birnin ya maka kamfanin a kotu kan haka.

Wanda ya fi ba ni haske wani mutum ne mai kimanin shekara hamsin da na haɗu da shi ta hannun wata ƙungiyar unguwa. Ya yi zaman kurkuku mai tsawo, yanzu aikinsa shiga tsakani. In an harbi wani, shi da abokan aikinsa ne ke garzayawa asibiti da gidan makoki, su nemo 'yan'uwa da abokai tun jini bai huce ba, su yi ta lallashi kada a je ramuwa. Ya ce manyan ƙungiyoyin daba masu shugaba da tsari sun watse tun da aka ɗaure shugabannin aka kuma rushe dogayen gidajen gwamnati irin su Robert Taylor da Cabrini-Green. Abin da ya rage ƙananan gungu ne, layi da layi, yara goma ko ashirin da babu mai tsawata musu. Faɗan ma sau da yawa ba na kuɗi ba ne. Zagi ne a Instagram, ko waƙar habaici ga mamacin wasu, ko gabar da aka gada daga yayye. Na tambaye shi me ke sa yaro ɗan shekara 15 ɗaukar bindiga. Ya ce, "Ɗan'uwa, tsoro. Ya san wanda ya kashe abokinsa, yana ganinsa kullum a tashar bas, kuma ya san ba za a kama shi ba."

Alƙaluma na bayansa. A 2016 'yan sandan Shikago ba su warware ko kashi ɗaya cikin uku na kisan kai ba, harbin da bai kai ga mutuwa ba kuwa ko kashi 10 cikin ɗari ba a kai ba. 'Yan sanda na cewa shaidu ba sa magana. Mutanen unguwa na cewa wa zai kare su in sun yi, kuma suna tuna Laquan McDonald, ɗan shekara 17 da ɗan sanda ya ɗirka wa harsashi 16 a 2014, aka riƙe bidiyon sama da shekara guda sai da alƙali ya ba da umarni. Ga masana'antun ƙarfe da suka rufe, ga makarantu kusan 50 da aka rufe a 2013, galibi a unguwannin baƙar fata, abin da ya tilasta wa yara ratsa layin abokan gaba kowace safiya. Har zuwa 2018 kudancin birnin ya yi shekara kusan 27 babu asibitin da ke karɓar baligin da aka harba, sai a ɗauke shi zuwa wani yanki yana zubar da jini.

Ina sauraronsa ina tuna gida. A 2021 Gwamna Masari ya ce mutanen Katsina su nemi makami su kare kansu, a 2022 gwamnatin Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga. Dalilin ɗaya ne da na Otis McDonald da na yaron tashar bas: hukuma ba ta zuwa. Ba na zargin manomin da ya ji wannan kira ya amsa. Abin da na gani a Shikago shi ne abin da ke biyo baya in kowa ya amsa. Kowane mai bindiga yana da hujjarsa ta kare kai, kuma kowannensu shi ne dalilin da ya sa na kusa da shi ya nemi tasa.

Aikin shiga tsakanin nan wani likita ne ya kawo shi, Gary Slutkin, wanda ya yi yaƙi da kwalara a Somaliya da cutar ƙanjamau a Yuganda. Ya dawo gida ya ga harbi na yaɗuwa daga mutum zuwa mutum yadda annoba ke yi, ya fara gwaji a West Garfield Park a shekarar 2000. Yau ƙungiyoyi da yawa na yi. A titi na 63 akwai ta Musulmi, IMAN, wadda Rami Nashashibi ya jagoranci kafawa a 1997, tana da asibiti, tana koya wa waɗanda suka fito daga kurkuku aikin gini da wayar lantarki, su gyara gidajen da aka yasar. Binciken da aka yi kan irin waɗannan shirye-shirye bai zo da sakamako iri ɗaya ba, wasu wurare an ga sauƙi sosai, wasu ba a gani ba. Amma akwai gwaji guda da ya tsaya mini a rai: an ba wasu 'yan makaranta daga unguwanni masu hatsari aikin hutun bazara na mako takwas, aka bi su wata 16, aka ga kama su da laifin tashin hankali ya ragu da kashi 43 cikin ɗari idan aka kwatanta da takwarorinsu da ba su samu ba. Aikin mako takwas, da albashi mafi ƙanƙanta.

Kisa ya ragu a Shikago tun bayan 2021, kamar yadda ya ragu a yawancin biranen Amurka, kowa kuma na jan yabon zuwa ɓangarensa. A kotu kuwa iska na kaɗawa ta ɗaya gefen. Hukuncin Kotun Ƙoli na 2022 a shari'ar Bruen ya ce dokar bindiga ba za ta tsaya ba sai an nuna tana da makamanciya a tarihin ƙasar, don haka lauyoyi na tonon dokokin zamanin bindigar ɗuri don a yanke hukunci kan ta yau. Dokar Ilinoi ta 2023, wadda ta hana sayar da doguwar bindiga irin ta yaƙi, tana ta yawo a kotuna, kuma shugabannin 'yan sandan ƙananan hukumomi da dama a karkarar jihar sun fito fili sun ce ba za su tilasta ta ba. Kuɗin da ke biyan masu shiga tsakani, kaso mai yawa daga tallafin korona ya fito, yana kuma ƙarewa. A watan Afrilun 2025 Ma'aikatar Shari'a ta tarayya ta soke ɗaruruwan tallafi, ciki har da na irin wannan aiki. Mutumin da na zanta da shi ya ce kwantiraginsa na shekara guda ne, kuma yaran da yake bi sun riga sun fara tambayarsa ko zai kai bazara mai zuwa.